Dattijon da Ya Dafa Dutse: Tarihin John Goodenough da Batirin Litiyam

Gabatarwa

A ranar 9 ga watan Oktoba na shekarar 2019 ne Cibiyar Kimiyya ta Masarautar Suwidin ta bayyana sunayen mutum uku da suka ci lambar yabo ta Nobel a fannin kemistiri, wato kimiyyar sinadarai. Mutanen su ne John Goodenough na ƙasar Amurka, da Stanley Whittingham haifaffen Ingila, da kuma Akira Yoshino na ƙasar Japan. An ba su lambar ne saboda aikin da suka yi wajen samar da batirin litiyam, wanda ake yi wa caji idan ya mutu, ya sake tashi, sau ɗaruruwa. Na farkonsu yana da shekara 97 a duniya a wannan rana, kuma tun da aka fara ba da lambar a 1901 ba a taɓa ba wanda ya kai shi yawan shekaru ba.

Da wuya a sami ɗaya daga cikinmu, ɗalibi ko malami, wanda ba ya yawo da aikin wannan dattijo a cikin aljihunsa. Wayar hannu da muke kiran gida da ita, da kwamfutar da muke buga kundin digiri da ita, duk da irin wannan batir suke aiki. Duk da haka kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa jin sunansa. Wannan maƙala za ta bi tarihin rayuwarsa tun daga ƙuruciya har zuwa rasuwarsa, ta kuma bayyana abin da ya gano da yadda aka yi ya gano shi. Abin da muke so mu nuna shi ne, sinadarin da ya fito da shi a 1980 ba tsintuwa ya yi ba. Amfanin gona ne na shekara 24 da ya yi yana nazarin wasu duwatsu, tun a zamanin da babu wanda ya hango dangantakarsu da batir, har shi kansa.

Asalinsa da Ƙuruciyarsa

An haifi John Bannister Goodenough a ranar 25 ga watan Yuli na shekarar 1922 a garin Jena na ƙasar Jamus. Iyayensa Amurkawa ne. Mahaifinsa, Erwin Goodenough, yana karatun digiri na uku a Jami'ar Oksfod ta Ingila a lokacin, daga baya kuma ya zama farfesan tarihin addinai a Jami'ar Yale. A bayan garin New Haven, cikin jihar Connecticut, yaron ya tashi tare da 'yan'uwansa, ciki har da wansa Ward, wanda shi ma ya shahara daga baya a fagen nazarin al'adun al'umma.

Ko da yake gidan na malamai ne, John bai ji daɗin ƙuruciya ba. Zaman iyayensa ba na lumana ba ne, har auren ya mutu daga baya, kuma shi da bakinsa ya sha faɗa cewa bai sami jan jiki daga gare su ba. Bugu da ƙari, yana fama da larurar nan da ke sa haruffa su riƙa rikice wa yaro a ido, wadda likitoci ke kira disleksiya. A wancan zamani malaman makaranta ba su san da ita ba, saboda haka kallon daƙiƙi kawai ake yi wa mai ita. Yaron ya fi samun natsuwa idan ya shiga daji da karensa yana kallon tsirrai da ƙwari. Da ya kai shekara 12 sai aka kai shi makarantar kwana ta Groton a jihar Massachusetts. A can ne ya tilasta wa kansa karatu da naci, ya koyi Latin da Girkanci, ya kuma gane cewa lissafi ba ya ba shi wahala kamar yadda dogon rubutu ke ba shi. A 1940 ya gama makarantar da sakamako mai kyau ƙwarai, ya sami shiga Jami'ar Yale.

Kuɗin makarantar Yale dala 900 ne a shekara, mahaifinsa kuwa dala 35 ya ba shi. Ragowar sai ya riƙa cike ta da tallafin karatu da kuma koyar da 'ya'yan masu hali a lokacin hutu. Ya ɗanɗana darussa iri-iri kafin ya tsaya a kan lissafi, wanda a kansa ne aka ba shi digiri na farko a 1944 da daraja mafi girma.

Yaƙi da Komawa Makaranta

Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a watan Disamba na 1941. Goodenough ya shiga soja a matsayin jami'in hasashen yanayi na mayaƙan sama, aka tura shi Newfoundland, sa'an nan tsibiran Azores da ke tsakiyar tekun Atlantika. Aikinsa shi ne duba iska da gajimare domin a san lokacin da ya dace jiragen sama su ƙetare teku. Bayan an gama yaƙi, a 1946, sai ga saƙo cewa an zaɓe shi cikin wasu hafsoshi da gwamnati za ta biya wa kuɗin ƙarin karatu. Wani tsohon malaminsa na lissafi a Yale ne ya ba da sunansa.

Ya isa Jami'ar Shikago yana da shekara 24 da niyyar karanta fiziks, fannin da bai yi nisa a cikinsa ba. A ranar rajista wani malami ya nuna masa mamakinsa a fili, ya ce duk wanda ya taɓa yin abin a-zo-a-gani a wannan fanni, kafin ya kai shekarunsa ya riga ya yi shi, shi kuwa yanzu ne ma yake son farawa. Goodenough bai manta da wannan magana ba har tsufansa, yakan ba da labarinta yana dariya. Ya zauna ya yi karatun a zamanin da manyan masana irin su Enrico Fermi ke koyarwa a jami'ar, ya kuma gama digiri na uku a 1952 a ƙarƙashin Clarence Zener, masanin ƙarafa da daskararrun abubuwa. A Shikago ɗin ne ya haɗu da Irene Wiseman, ɗaliba 'yar Kanada mai nazarin tarihi, suka yi aure a 1951.

Shekara 24 a Ɗakin Bincike na Lincoln

Daga Shikago sai ya sami aiki a Ɗakin Bincike na Lincoln, wanda ke ƙarƙashin Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, kuma mayaƙan saman Amurka ne ke ba shi kuɗi. Lokacin Yaƙin Cacar Baka ne, ana gina wata babbar kwamfuta da za ta riƙa lura da sararin samaniyar Amurka saboda tsoron jiragen Tarayyar Sobiyet. Matsalar da ta addabi injiniyoyi ita ce ma'ajiyar kwamfutar, wato inda za ta riƙe bayanai ta kuma ɗauko su da sauri. An tsara a yi ta da dubban ƙananan zobba na maganaɗisu da aka saƙa da waya, amma sai an sami sinadarin da zai juya maganaɗisunsa nan take, ya kuma tsaya a inda aka juya shi. Cikin ƙungiyar da ta warware wannan matsala aka sa Goodenough.

Zobban an yi su ne da abin da masana ke kira oksayid, wato haɗin ƙarfe da iskar oksijin. Tsatsar da muke gani a jikin kwano ko fartanya misali ce ta oksayid, kuma akasarin duwatsun da ake haƙo ƙarafa daga cikinsu haka suke. A ɗakin bincike ana niƙa garin sinadaran ne, a cakuɗa su, a gasa su a tanderu mai tsananin zafi har su zama dutse. Goodenough ya duƙufa kan tambaya guda: yaya ƙwayoyin lantarki, waɗanda ake kira ilaktoron, suke zama da motsi a cikin irin waɗannan duwatsu, kuma me ya sa wani dutsen ke zama maganaɗisu, wani ya bar wuta ta wuce, wani ya hana ta? Daga wannan bincike ne aka sami ƙa'idojin da har yau ake koyar da su da sunansa da na masanin Japan Junjiro Kanamori. A 1963 ya wallafa littafi a kan dangantakar maganaɗisu da yadda sinadarai ke ɗaure da juna.

Ya kamata mu lura da cewa a mafi yawan waɗannan shekaru batir ba ya cikin lissafinsa. Masanin fiziks ne da aikinsa ya tilasta masa zama da masana kemistiri kullum, domin su ne ke gasa masa duwatsun da yake nazari. Ta haka ya san halin baƙin ƙarfe da manganis da kobalt da nikel idan sun haɗu da oksijin, kamar yadda makiyayi ya san halin kowace saniya a garkensa.

Matsalar Batir

Kafin mu ci gaba, yana da kyau mu fahimci abin da batir ya ƙunsa. Kowane batir sassa uku gare shi: kai mai alamar tarawa, wanda ake kira katod, da kai mai alamar ɗebewa, wanda ake kira anod, da kuma ruwan batir da ke tsakaninsu. Idan batir yana aiki, ƙwayoyin ilaktoron suna fita daga anod su bi waya, su kunna fitila ko rediyo, su isa katod. A daidai wannan lokaci wasu ƙwayoyin zarra masu caji, waɗanda ake kira ayon, suna ratsa ruwan batir zuwa katod ɗin. Yin caji shi ne a tilasta wa dukkansu su koma inda suka fito.

Alessandro Volta na Italiya ne ya yi batir na farko a 1800. A 1859 Gaston Planté na Faransa ya yi na farko da ake iya yi wa caji, da dalma da ruwan asid, kuma jikokinsa ne ke tayar da motocinmu har yau. A 1899 Waldemar Jungner na Suwidin ya yi na nikel da kadmiyam. Aibin waɗannan batura shi ne nauyi da ƙarancin ƙarfi: ɗaki ɗaya na batirin dalma bolt 2 yake bayarwa, na nikel kuwa bolt 1.2. Saboda haka hankalin masana ya daɗe yana kan litiyam, ƙarfen da Johan August Arfwedson ya gano a Suwidin a 1817. Shi ne mafi rashin nauyi a duk ƙarafa, har yana iya yawo a kan ruwa, kuma yana sakin ilaktoron ɗinsa cikin sauƙi. Sai dai wannan sauƙin sakin shi ne haɗarinsa, domin idan ya taɓa ruwa ko iska mai laima yakan yi zafi har ya kama wuta.

A watan Oktoba na 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin man fetur suka hana sayar wa Amurka da wasu ƙawayen Isra'ila mai, farashin gangar mai ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Mu a Nijeriya muna tuna waɗannan shekaru a matsayin zamanin da kuɗin mai suka kwararo. A Amurka da Turai kuwa dogayen layuka aka yi a gidajen mai, aka shiga neman abin da zai maye gurbin fetur. Tun kafin rikicin, a 1972, kamfanin mai na Exxon ya ɗauki Stanley Whittingham aiki, shi kuwa ya fito da wata dabara sabuwa. Ya yi katod da haɗin ƙarfen titaniyam da farar wuta, wanda ƙirarsa hawa-hawa ce, yadda ayon na litiyam za su shiga tsakanin hawan su zauna, su kuma fita, kamar yadda ake cusa takarda tsakanin shafukan littafi a zare ta ba tare da littafin ya yage ba. Batirin ya ba da fiye da bolt 2, ya kuma karɓi caji. Amma anod ɗinsa zallar ƙarfen litiyam ne, kuma idan aka yi ta caji sai ƙarfen ya riƙa tsiro kamar ƙaya, har ƙayar ta ratsa ta taɓa katod, wuta ta tashi. An sha gobara a ɗakin binciken, kuma da farashin mai ya sauko a farkon shekarun 1980 sai kamfanin ya janye daga aikin.

Oksfod da Abin da Aka Gano a 1980

Rikicin man ya ja hankalin Goodenough zuwa binciken makamashi, amma aka nuna masa cewa wannan ba aikin ɗakin binciken mayaƙan sama ba ne. Ana cikin haka sai Jami'ar Oksfod ta ba shi shugabancin ɗakinta na binciken kemistirin ma'adinai. Ya koma Ingila a 1976 yana da shekara 54, ya zama shugaban masana kemistiri alhali bai taɓa samun digiri a fannin ba.

Da ya dubi batirin Whittingham sai ya ga abin da sauran masana ba su gani ba. Ƙarfin batir kamar ƙarfin ruwa ne da ke gangarowa daga tudu zuwa kwari: gwargwadon zurfin kwarin, gwargwadon ƙarfin ruwan. Litiyam shi ne tudun, katod shi ne kwarin. Daga abin da ya koya a Lincoln, ya san cewa farar wuta ba ta riƙe ilaktoron da ƙarfi, don haka duk katod da aka yi da ita yana da iyakar zurfin da ba zai wuce ba. Oksijin kuwa riƙonta ya fi tsanani, saboda haka oksayid zai ba da kwari mai zurfi. Abin da ya rage shi ne a sami oksayid mai ƙirar hawa-hawa, wanda za a iya zare litiyam daga cikinsa ba tare da ginin ya rushe ba.

Ya ɗora wannan aiki a kan Koichi Mizushima, wani masani da ya zo daga Jami'ar Tokyo, tare da Philip Jones da Philip Wiseman. Suka bi ƙarafa suna gwadawa, har suka tsaya a kan haɗin litiyam da kobalt da oksijin. Suka tarar ana iya zare kusan rabin litiyam ɗin da ke ciki a mayar da shi, ginin yana nan daram, ƙarfin wutar kuwa ya kai kimanin bolt 4. Sun buga sakamakon a 1980, lokacin Goodenough yana da shekara 57. Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. A nan dutsen na gaske ne, a tanderu aka gasa shi.

Akwai fa'ida ta biyu wadda ba a gane muhimmancinta nan da nan ba. Tun da katod ɗin ya zo da litiyam a cikinsa, ba dole ba ne a sa zallar ƙarfen litiyam a ɗaya kan. Ana iya harhaɗa batirin a mace, sa'an nan a yi masa caji na farko, litiyam ya ƙaura daga katod zuwa duk wani abin da zai iya karɓar sa. Wannan ne ya buɗe ƙofar kawar da gobarar da ta kashe aikin Exxon.

Kura da Shan Bugu

Abin da ya biyo baya darasi ne ga duk wata jami'a. Oksfod ba ta ga dalilin kashe kuɗi wajen yi wa binciken rajistar mallakar fasaha ba. Kamfanonin batir da aka tuntuɓa a Ingila da Turai da Amurka ba su nuna sha'awa ba, domin ba su saba da batirin da ake harhaɗawa a mace ba. Daga ƙarshe cibiyar binciken makamashin nukiliya ta gwamnatin Birtaniya da ke Harwell ta yarda ta yi rajistar, bisa sharaɗin Goodenough ya sa hannu ya bar mata haƙƙinsa. Ya sa hannun, kuma daga cinikin wannan batir bai sami ko sisin kwabo ba. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

A Japan aka ƙarasa ginin. Akira Yoshino, masanin kemistiri a kamfanin Asahi Kasei, yana neman katod mai ɗauke da litiyam, sai ya ci karo da maƙalar Goodenough a ƙarshen 1982. A 1985 ya haɗa katod ɗin kobalt da anod na wani irin gawayi da ake samu daga ragowar tace man fetur, wanda shi ma yana karɓar litiyam a tsakanin hawansa. Babu sauran zallar ƙarfen litiyam a cikin batirin; ayon ne kawai ke kai da komo tsakanin kawunan biyu. Muhimmancin wannan ya fito fili a 1989, lokacin da aka janye wayoyin hannu a Japan bayan batirin zallar litiyam na wani kamfanin Kanada ya kama wuta. A 1991 kamfanin Sony, a ƙarƙashin jagorancin injiniya Yoshio Nishi, ya fara fitar da batirin litiyam irin na yau zuwa kasuwa, ya kuma biya Harwell kuɗin lasisi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma adalci ne mu ambaci wani ɗan Afirka a nan. Rachid Yazami, haifaffen birnin Fas na ƙasar Maroko, shi ne ya nuna a garin Grenoble na Faransa, a farkon shekarun 1980, cewa litiyam na iya shiga girafayit, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, ya kuma fita. Girafayit ne ya zama anod ɗin akasarin baturan da suka biyo baya. A 2014 an ba shi lambar Draper ta injiniyoyin Amurka tare da Goodenough da Yoshino da Nishi, amma lambar Nobel ba ta wuce mutum uku a fanni ɗaya, kuma sunansa bai shiga ba.

Teksas da Neman Abin da Zai Maye Gurbin Kobalt

Goodenough ya san tun farko cewa kobalt yana da tsada kuma ba shi da yawa a duniya. Tun yana Oksfod, shi da Michael Thackeray, wanda ya zo daga Afirka ta Kudu, suka fito da katod na manganis a 1983. Da lokacin ritayar dole ya matso, sai ya bar Ingila a 1986 yana da shekara 64, ya koma Jami'ar Teksas da ke Austin, inda babu mai tilasta masa ajiye aiki. A can, shi da ɗalibinsa Akshaya Padhi da wasu, suka buga bincike a 1997 a kan katod na litiyam da baƙin ƙarfe da fosfet. Ƙarfinsa bai kai na kobalt ba, domin bai wuce kimanin bolt 3.4 ba, amma kayan haɗinsa suna da araha, ya fi jure zafi, ya kuma fi daɗewa. Matsalarsa ta farko ita ce wuta ba ta ratsa shi da sauƙi, sai da Michel Armand da abokan aikinsa a Kanada suka nuna cewa lulluɓe ƙwayoyinsa da gawayi yana magance wannan. Daga baya kamfanonin ƙasar Sin suka shiga ƙera shi da yawa, aka sa shi a motoci masu aiki da lantarki da kuma manyan baturan da ke ajiye wutar hasken rana a gidaje da asibitoci, har da namu na nan.

Damuwarsa game da kobalt ta tabbata. Kimanin kashi 70 cikin 100 na kobalt ɗin da ake haƙowa a duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, musamman yankin Kolwezi. A 2016 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta fitar da rahoton da ya nuna yadda ƙananan yara ke aiki a ramukan haƙar hannu na yankin, cikin ƙura da haɗarin ruftawar ƙasa. Wannan batu bai yi nisa da mu ba, domin an fara haƙar duwatsun litiyam a jihar Nasarawa da wasu jihohin Nijeriya, kuma tambayar da ta sha kan Kwango, ta wa ke shan wahala da wa ke cin riba, tana jiran mu.

Ba duk abin da dattijon ya taɓa ne ya zama zinariya ba. A 2017, yana da shekara 94, shi da Maria Helena Braga 'yar ƙasar Fotugal suka ba da sanarwar wani batir da gilashi ya maye gurbin ruwansa. Masana da yawa sun yi shakkar bayanin da aka yi na yadda yake aiki, suka ce bai dace da ƙa'idojin makamashi da aka sani ba. Girman sunansa bai hana a yi masa tambaya ba, kuma haka ya kamata ilimi ya kasance.

Ƙarshen Rayuwarsa

Matarsa Irene ta rasu a 2016 bayan shekara 65 da aurensu, ba su kuwa sami haihuwa ba. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, kuma waɗanda suka yi aiki da shi sun fi tuna shi da wata irin dariya mai ƙarfi da ake jiyowa daga nesa a cikin ginin tsangayarsu. Lambobin yabo sun zo masa a makare amma a jere: lambar Japan a 2001, da lambar Enrico Fermi a 2009, da lambar kimiyya ta ƙasar Amurka, wadda Shugaba Barack Obama ya rataya masa a 2013. A 2010 Ƙungiyar Masana Kemistiri ta Birtaniya ta kafa allon tunawa a jikin ginin Oksfod inda aka yi aikin 1980. Ranar da aka bayyana lambar Nobel yana birnin Landan, ya je karɓar lambar Copley. Ya ci gaba da zuwa ofis yana duba aikin ɗalibai har bayan ya haura shekara 90 da daɗewa. Ya rasu a Austin a ranar 25 ga watan Yuni na 2023, saura wata ɗaya ya cika shekara 101.

Kammalawa

A wannan maƙala mun ga yaron da aka ɗauka daƙiƙi ne saboda haruffa na rikice masa, da tsohon sojan da aka ce ya makara yana da shekara 24, da masanin fiziks da ya karɓi shugabancin masana kemistiri yana da shekara 54. Mun kuma ga cewa abin da ya ba shi damar gyara batirin Whittingham shi ne sanin halin oksayid, wanda ya tara a Lincoln lokacin da yake aikin ma'ajiyar kwamfuta. Da a ce a 1955 an tambaye shi amfanin nazarin yadda ilaktoron ke zama a cikin dutsen manganis ko kobalt, da ba zai ambaci wayar hannu ba, domin babu ita. Jami'ar da aka yi aikin a cikinta ma ba ta gane darajarsa ba a ranar da aka kawo mata shi, sai da wani a Japan ya karanta maƙalar bayan shekara biyu.

Da yawa daga cikinmu mun shigo jami'a a makare, ko yajin aiki ya ci mana shekaru, ko kuma muna nazarin abin da dangi ke tambayar mu amfaninsa kullum. Tarihin Goodenough bai yi mana alkawarin lambar yabo ko dukiya ba, tun da shi kansa dukiyar ta wuce shi. Abin da ya nuna shi ne, ilimin da aka bi har tushensa yana jiran ranarsa, ko da mai shi bai san ranar ba. Tsakanin ranar da aka ce masa ya makara a Shikago da ranar da aka kira sunansa a Suwidin, shekara 73 ce, kuma kusan dukkansu a ɗakin bincike ya yi su.